Sawun Taya a Bayan Coci

Bas ɗin cocin Ungwan Kanya ya bar titi da safiyar Asabar, a gangaren ƙarshe kafin a shiga Kagoro. Mata goma sha ɗaya ne a ciki, 'yan zumunta, sanye da zane iri ɗaya, za su taro a Kafanchan. Suna cikin waƙa motar ta ƙi bin kwana, ta miƙe ta faɗa kwazazzabo ta kwanta a gefen hagu. Mama Hulda, shugabarsu, ba ta sake magana ba. Sauran aka kwashe su zuwa asibiti, wasu a babur, wasu a bayan motar itace.

Lokacin da Baba Zamani ya iso, mutane sun cika bakin kwazazzabon. Tsohon maharbi ne, ya haura sittin, kuma shi ake kira a duk ƙauyukan gindin dutsen in akuya ta ɓata ko an fasa rumbu. Ba ya karatu, amma ƙasa ba ta cika ɓoye masa abu ba.

Matasa sun riga sun gano abin da ya saki. Ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba ta hagu, wanda kanikawa ke kira tayarod, kansa ya fice daga mazauninsa yana reto. Aka nemi wanda ya san mota, aka turo Azariya, direban haya mai jigila tsakanin ƙauyen da Kafanchan da bas irin na cocin. Matarsa Keziya tana cikin waɗanda aka kai asibiti. Ya durƙusa ya leƙa.

"Tsoho ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ya cinye."

"Tsoho kamar yaya? Ba ranar Laraba aka gyara motan ba?" in ji wani matashi.

Wani daga baya ya ce, "Badruddeen ne ya gyara."

Sunan ya faɗi a tsakiyar taron. Badruddeen bakanike ne a Kafanchan, ɗan tsofaffin 'yan kasuwar garin, shekara da shekaru yana duba motar cocin ba wanda ya taɓa tuna addininsa. Yanzu kowa ya tuna. Zamani ya ga wayoyi suna fitowa daga aljihu. Ya taɓa ganin inda magana irin wannan ta kai gari, ya kuma taya haƙa kaburburan da suka biyo baya.

Fasto ya ja shi gefe.

"Baba, yaran nan suna maganar fetur. Na roƙe su sun yarda su jira ɗan Mama Hulda, yana hanya daga Sabon Tasha. Ƙarfe huɗu zai iso. Bayan haka ba ni da iko a kansu."

Zamani ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa a saman dutsen.

"Ina motar take kwana?"

*

Bayan coci take kwana, ƙarƙashin mangwaro, kusa da ɗakin da ake ajiye kujeru. An yi ruwa mai ƙarfi daren Alhamis, ya shafe duk abin da ke wurin, saboda haka kowane sawu da ke kan jar ƙasar na Juma'a ne ko na yau. Zamani ya hana kowa matsowa. Ya daɗe a tsugune.

Akwai sawun tayoyi iri biyu. Ɗaya na bas ɗin coci ne da ya fita da safe. Ɗayan na motar Azariya ne, wanda kowa ya san ya zo ɗaukar kujeru jiya da rana, lokacin da duk ƙauyen ke wurin jana'iza a ƙetaren rafi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsayar da shi sawun mutum ne, takalmin soso, ƙafar dama tana jan ƙasa. Mai sawun ya tsaya daidai inda tayar hagu ta gaba take, ya durƙusa, gwiwarsa ta bar rami.

Mutum ɗaya ne a Ungwan Kanya ke jan ƙafar dama.

Kafin ya tafi, ya sa matar Fasto ta kawo tsofaffin kwanon rufi huɗu aka kifa a kan wurin, aka danne da duwatsu.

Asher ya tuƙa bas ɗin nan shekara goma sha huɗu kafin dattawa su karɓe makulli su ba Kaleb a farkon bana. An ji shi a kasuwa yana cewa za su gani. Zamani ya same shi a ɗaki, ƙofa a rufe da rana tsaka.

"Na san za ka zo," in ji Asher. "Baba, na rantse da Littafi, ban taɓa komai ba."

"Ka durƙusa a gaban taya."

"Na durƙusa. Jiya da sassafe. Na ji an kai shi gyara, na ce bari in ga ko sun yi daidai. Motan nan ni na san ciwonsa. Na kama taya na girgiza, bai motsa ba. Na leƙa na ga sabon kai, har da ɗigon fenti ruwan ɗorawa a jiki. Na ji haushi ma da aikin ya yi kyau."

"Ka ce za su gani."

Asher ya miƙo hannayensa biyu. Suna karkarwa kamar ganyen rogo a iska, irin karkarwar da ba ta tsoro kaɗai ba ce.

"Saboda wannan suka cire ni. Cokali ma matata Yemima ke riƙe mini wani lokaci. Da wane hannu zan kwance noti?"

Zamani ya dube su na ɗan lokaci, ya tashi. A bakin ƙofa Asher ya riƙe masa riga.

"Kar ka gaya musu na je wurin. Yau ba sa tambaya sau biyu."

*

Mai babur ɗin da ya ɗauko shi ya ƙi wuce bakin asibiti. Kafanchan ta riga ta ji. Ana ja da ƙofofin shaguna, mata suna sauri da yara a hannu, masu lemo sun kife faranti. Ba wanda ke gudu tukuna, amma kowa yana tafiya yana waiwaye.

Kaleb, direban da ya yi hatsarin, yana kwance an naɗe masa ƙirji. An riga an fara cewa ya sha burkutu. Zamani ya sunkuya kusa da bakinsa kamar mai gaisuwa, bai ji warin komai ba sai na magani.

"Ranar Laraba da ka karɓo motar, yaya sitiyari?"

"Kamar sabo, Baba. Da yatsa biyu na kawo shi gida."

"Yau da safe fa?"

Kaleb ya juya fuska wajen bango. Sai da Zamani ya maimaita.

"Yana wasa," in ji shi. "Tun daga bakin coci na ji. In na juya, sai ya yi nisa kafin taya ya amsa. Ya fi na da ma. Na so in tsaya, matan suka ce mun makara. Na ce a raina bari mu lallaɓa, in mun dawo sai in koma wurin Badruddeen." Hawaye ya gangaro masa cikin kunne. "Ni na kashe Mama?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Zamani. Bai iya yi masa ƙarya ba.

Ya tambayi Keziya, aka ce tana ɗakin tiyata, ƙafarta ta karye wuri biyu.

Daga nan da ƙafa ya shiga unguwar kasuwa. Idanu suka bi shi. Wani matashi ya tare shi ya tambaye shi wa yake nema, ya faɗi sunansa da sunan mahaifinsa, kamar yadda ake yi a bakin iyaka. Garejin Badruddeen a kulle yake. Aka kai shi shagon hatsi na yayansa, Alhaji Umar Faruk, inda bakaniken ke zaune a bayan buhunan masara, carbi a hannu, bai ko cire rigar aiki ba.

"Baba Zamani, wallahi sabo na sa."

"Faɗa mini abin da ka yi, daga farko."

Da ya fara maganar aiki, muryarsa ta ɗan daidaita. Ya ce manyan bas ɗin nan in sun tsufa duk haka suke, sitiyari ya riƙa wasa, mota ta riƙa yawo a titi. Ba a canza abu da ka. Sai a sa mutum ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kuma kana ƙasa kana kallon inda motsi ke ɓacewa. Ya duba akwatin sitiyari ya ɗan ɗaure sukurinsa, kaɗan kawai, don in ka matse shi da yawa sai ya riƙe a kwana. Amma ainihin ciwon a kan tayarod na hagu yake. Ya sha wuya kafin ya samo sabo, don irin motar ta yi ƙaranci, sai daga Kaduna aka aiko masa. Ya ɗaure notin, ya zura fin ɗin da ke hana shi kwancewa, ya ɗiga fentinsa kamar yadda yake yi wa duk abin da ya sa.

"Wanda ke jikin motar yanzu ba fenti," in ji Zamani. "Kuma ƙusa ce a lanƙwashe a wurin fin."

"Ƙusa?" Badruddeen ya rufe ido. "Innalillahi. Ni ban taɓa sa ƙusa a motar mutane ba."

"In kan nan ya cinye, me taya ke yi?"

"Rawa take yi. Ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana tafiya tana girgiza kai, tana cin gefenta."

"A ƙasa mai laushi za a gani?"

"Ni kwalta na sani, Baba. Amma dole ta rubuta abin da take yi."

Abin da Zamani ya tsallake da safe, sawun tayoyin nan, ya dawo masa gaba ɗaya. Ya miƙe.

"Tashi mu je Ungwan Kanya."

Alhaji Umar Faruk ya tare ƙofa. "Ka kai shi su yanka? Baba, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoro, Alhaji, tun safe nake ji. Amma in bai je ba, su za su zo. In sun zo, naku ma ba za su zauna ba."

Badruddeen ya sa carbin a aljihu. Ya tashi. Suka biya ofishin 'yan sanda aka haɗa su da mutum biyu.

*

An fara yayyafi lokacin da suka isa. Ɗan Mama Hulda ya riga su, dogon mutum mai jajayen idanu, yana tsaye a bakin coci da matasa wajen talatin. Akwai jarkokin fetur biyu a gindin katanga. Da suka ga wanda ya fito daga motar 'yan sanda, sai taron ya matso kamar ruwa ya fasa madatsa. Badruddeen ya damƙe hannun Zamani har ya ji zafi.

"Ku ba ni minti goma," in ji Zamani. "In ƙasa ba ta yi magana ba, ni ma ban da abin cewa."

Ya dubi ɗan mamaciyar shi kaɗai. Mutumin ya gyaɗa kai.

Aka zagaya bayan coci. Zamani ya sa aka kira Asher, ya zo yana jan ƙafa, fuskarsa kamar toka. Ya sa aka kira Azariya, wanda ya dawo daga asibiti ɗaukar wa matarsa kaya, motarsa tana tsaye a bakin hanya. Sannan ya ɗage kwanon farko.

"Wannan sawun Asher ne. Ya zo jiya da safe ya duba, ya ga sabon ƙarfe mai fenti. Hannunsa ba ya riƙe sifana, kowa ya sani. Ku bar shi."

Ya ɗage na biyu.

"Wannan bas ɗinmu ne da ya fita yau. Ku dubi tayar hagu. Kun ga bakin sawun yana shiga yana fita kamar tafiyar maciji? Motar da aka gyara ranar Laraba ba ta haka. Tun kafin ta bar nan ba lafiya."

"To ai shi muke faɗa," wani ya ce. "Tsoho ya sa mana."

Zamani bai kula shi ba. Ya ɗage na uku da na huɗu tare. Ruwa ya fara ɗiga a kan jar ƙasar.

"Wannan wata motar ce, ta zo jiya da rana. Ga inda ta shigo. Tayarta ta hagu tana da yanka a gefe, ga shi yana fitowa a kowane juyi. Ku ga yadda take rawa, daidai irin rawar tamu ta yau. Ta tsaya a nan, kusa da tamu, ta daɗe, ga ramin jak na ɗaga mota guda biyu da aka share da ƙafa." Ya matsa taku uku ya nuna da sandarsa. "Ga kuma inda ta fita. Taya ɗaya ce, ga yankan. Amma ku duba. A miƙe take kamar an ja zare."

Ana jin ruwa yana buga kwanon da aka jingine.

"Mota ta shigo da ciwo ta fita lafiya," in ji Zamani. "Tamu tana zaune lafiya, ta fita da ciwo. Azariya, jiya kujeru nawa ka ɗauka da suka ci maka awa biyu?"

Zamani bai jira amsa ba.

"Malam Badruddeen, je ka leƙa ƙarƙashin motarsa. Fasto, bi shi. Kai ma ɗana, je ka gani da idonka."

Su ukun suka tafi bakin hanya, taron na biye. Badruddeen ya kwanta a cikin taɓo, ya sa babban yatsa ya goge laka daga kan ƙarfen. Ɗigon fenti ruwan ɗorawa ya fito. Ɗan Mama Hulda ya durƙusa ya dube shi, ya daɗe bai ɗago ba.

Azariya ya zube a ƙasa.

"Aro na yi," yake cewa. "Aro ne kawai. Wata biyu ina nema ban samu ba, motana yana so ya kashe ni da fasinja. Na ɗauka motan coci ba zai fita ba sai Lahadi ta sama. Na ce kafin nan zan mayar. Ban san an matso da taron mata ba, sai jiya da yamma na ji. Fin ɗin ya karye, na sa ƙusa, na ɗaure sosai. Na ce zai kai su. Kafanchan ba nisa."

"Da safe da aka kira sunan mutumin nan," in ji Fasto, "kana tsaye."

"Na ji tsoro."

Taron ya sake motsawa, wannan karon zuwa wani wajen. Zamani ya ga hannu ya ɗauki dutse. Ya shiga tsakani da tsohon jikinsa, bai san ko za su ga furfurarsa ba. Ɗan Mama Hulda ne ya miƙe ya tsaya kusa da shi.

"Ba wanda zai taɓa shi," ya ce. "Gawa ɗaya ta ishe ni binnewa." Ya juya wajen Badruddeen, wanda ke tsaye laka har wuya. Ya sunkuyar masa da kai. Ya je gindin katanga ya ɗauki jarkokin nan biyu da kansa ya miƙa wa 'yan sanda.

Suka sa Azariya a mota suka tafi da shi. Fasto ya kira Alhaji Umar Faruk a waya a gaban kowa, ya faɗa masa abin da aka gani, ya roƙe shi ya faɗa a masallaci kafin magariba. A daren nan mutane da yawa a Kafanchan sun kwana da takalmi a ƙafa, amma gari ya waye ba hayaƙi. Badruddeen bai buɗe gareji ba sai bayan kwana tara.

*

Ranar Litinin Zamani ya koma asibiti, don dattawa sun rasa wanda zai gaya wa Keziya. Ya same ta ta farfaɗo, ƙafarta a rataye, ƙanwarta na ba ta kunu. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutanen gida.

"Baba, sun ce kai ka gano wanda ya yi. Amma duk wanda na tambaya sai ya fita waje. Azariya ma bai zo ba tun shekaranjiya."

Ya zauna a bakin gadon ya ajiye sandarsa. Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya ce mata mijinta ya yi kuka, ya ce bai yi nufin kowa ya mutu ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ture kofin kunun a hankali.

"Ya sani tun ranar Juma'a da yamma za mu tafi?"

"Haka ya ce."

Ta dubi silin.

"Shi ya raka ni har bakin motan," in ji ta. "Ya riƙe mini jaka. Na so in zauna a gaba, ya ce a'a, in koma can baya in riƙe kujera da kyau. Na yi ta dariya, na ce yau kuma wane irin so ne wannan."

Ƙanwarta ta fara shessheƙa. Keziya ta juyo ta dubi tsohon.

"Sai Mama Hulda ta zauna a gaban. Yana kallo, Baba. Shi ya rufe mata ƙofa."